Wata uku ina neman izinin sa kiɗan Vltava a bidiyona

Ina karatun kula da albarkatun ruwa a jami'ar noma da ke unguwar Suchdol a birnin Prag na Jamhuriyar Cek, kuma daga unguwarmu in ka gangara kaɗan kogin Vltava za ka tarar. A hutun zafi na 2024 na yi mako uku ina bin kogin nan da kyamara, tun daga dazuzzukan Šumava inda yake ɓuɓɓugowa har garin Mělník inda yake zubawa cikin kogin Labe, tafiyar kusan kilomita 430. Niyyata in haɗa bidiyo na minti goma sha biyar da Hausa, in nuna wa mutanenmu yadda ake tare ruwa da madatsai, da yadda Prag ta gyara bakin koginta bayan ambaliyar 2002. A 2024 ɗin ne kuma aka cika shekara 200 da haihuwar Bedřich Smetana, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar, duk inda ka juya kiɗansa kake ji, a rediyo, a shaguna, har a ɗakin kwanan ɗalibai. Ba sai an ce mini ba, na san kiɗan da zan ɗora a ƙarƙashin hotunana shi ne wanda ya rubuta wa wannan kogin, ya kuma sa masa sunansa. Abin da ban sani ba shi ne wannan shawarar za ta cinye mini wata uku. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi tiryan-tiryan, don duk wanda zai sa kiɗan Turai na da a fim ko bidiyo ya san inda zai taka.

Vltava shi ne na biyu cikin kaɗe-kaɗe shida da Smetana ya tsara tsakanin 1874 da 1879 ya kira su Má vlast, wato ƙasata ta haihuwa. Tsawonsa bai wuce minti goma sha biyu zuwa sha uku ba. Yana farawa da sarewa biyu suna miƙa wa juna sauti siriri, kamar ruwa yana tsattsafowa daga dutse, sannan ya yi ta kumbura. Za ka ji ƙahonnin mafarauta, ka ji rawar bikin aure na ƙauye, ka ji dare ya yi tsit da farin wata a kan ruwa, sai kuma ruwan ya haukace a inda ake kira gangaren Waliyi Yohana, daga nan ya baje ya shiga Prag da faɗinsa. Wannan gangaren ma yanzu babu shi, madatsar Štěchovice ta shanye shi, kuma ainihin abin da nake son nunawa ke nan. Na shiga wani shago na sayi faifan CD a kan kusan koruna 300 (koruna ita ce kuɗin ƙasar), na kwafe shi a kwamfuta, na yi kwana goma ina yanka hotuna daidai da bugun kiɗan. A raina na gama lissafi: Smetana ya rasu ranar 12 ga Mayu 1884, shekara 140 ke nan, faifan kuma da kuɗina na saya, to wa zai yi mini magana?

Na ɗora bidiyon a wani dandalin intanet a wata Juma'a cikin Satumba. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo daga dandalin cewa na'urarsu ta gane sautin wani kamfani a ciki, an toshe bidiyon a ƙasashe da dama. Da dare yayana ya kira ni daga gida. Ya ce, "Kai, ina abin da ka ce mu kalla? Baƙin allo kawai muke gani." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, kuskure ne daga wajensu, gobe zan gyara." Da gaske na ɗauka kuskurensu ne. Har na buɗe wurin ƙalubalantar ƙorafin na fara rubuta cewa mai kiɗan ya daɗe da rasuwa, sai wani abokin zamana ɗan ƙasar, wanda yake busa ƙaho a rukunin makaɗan ɗalibai, ya leƙo ya karanta ya riƙe mini hannu. Ya ce in na tura wannan aka ƙi karɓa, ana iya yi wa shafina gargaɗin da zai daɗe a kansa. Ya ce Smetana ya mutu, gaskiya ne, amma ba Smetana ne ya busa sarewar da ke cikin faifan ba. Na sauke bidiyon a daren, ban yi barcin kirki ba.

Ran Litinin na rubuta wa OSA, ƙungiyar da ke karɓar wa masu tsara kiɗa da marubuta waƙa haƙƙinsu a Jamhuriyar Cek. Bayan kwana uku amsa ta zo, gajeriya kuma a fili. Rubutun kiɗan kansa ya zama abin da suke kira volné dílo, aikin da ya fita daga hannun kowa, domin haƙƙin mai tsara kiɗa shekara 70 ne bayan rasuwarsa. Ba ni da abin biya a wajensu. Amma sautin da aka naɗa abu ne daban, yana da masu shi. A nan ne na fahimci cewa abu uku ne a cikin faifai ɗaya: rubutun mai kiɗa, da aikin makaɗan da suka kaɗa, da haƙƙin kamfanin da ya kashe kuɗi ya naɗa. Na biyu da na uku akwai ƙungiyar da ke kula da su, sunanta Intergram, amma aikinta ya fi shafar kuɗin da gidajen rediyo da talabijin da shaguna ke biya in sun sa faifai. Haɗa kiɗa da hoto a cikin fim kuwa, izininsa a hannun mai faifan yake kai tsaye. Wannan matakin bai ci ko sisi ba, mako ɗaya kawai ya ci.

Daga nan tunanina ya tafi kan tsofaffin faifai, tunda su ma ai haƙƙinsu yana ƙarewa. Na je babban ɗakin karatu na birni da ke dandalin Mariánské, na yi katin shiga da fasfona da katin zama, na hau sashen kiɗa. Wata dattijuwa da ke aiki a wurin ta saurare ni har na gama, ta ɗauko mini faifai uku, dukkansu na rukunin makaɗan Czech Philharmonic: wanda Václav Talich ya jagoranta a 1954, da na Karel Ančerl na 1963, da na Rafael Kubelík na 1990. Na ƙarshen nan an naɗe shi ne kai tsaye a buɗe bikin kiɗa na Prague Spring, lokacin da Kubelík ya dawo gida bayan shekara 42 yana gudun hijira, tun da ya bar ƙasar a 1948. Na zauna da abin sauraro a kunne tun bayan azahar har aka fara kashe fitilu. Na Kubelík ya sa tsigar jikina ta tashi, kana jin cewa mutanen da ke kaɗawa ba aiki kawai suke yi ba. Amma a ƙa'idar Tarayyar Turai, faifan da ya fito daga 1963 zuwa yau kariyarsa shekara 70 ce, don haka na Kubelík da na Ančerl duk suna da masu su. Na Talich ya kuɓuta a Turai, sai dai a Amurka dokar 2018 ta ba faifan da ya fito tsakanin 1947 da 1956 kariyar shekara 110, ni kuwa bidiyona duniya zai zaga. Ko da babu maganar doka ma, kunnena ya riga ya ba ni amsa. Faifan 1954 sauti ne mai hanya ɗaya, ba hagu ba dama, kuma akwai wani siririn shuu a ƙarƙashinsa wanda ke gogayya da sarewar farko. A matsayin tarihi abu ne mai daraja ƙwarai. A ƙarƙashin hoton ruwa garau da na ɗauka a Šumava, bai zauna ba.

Sai na koma kan kamfanin da ke da faifan da na fara amfani da shi. A bayan kwalin na sami adireshinsu, na rubuta. Wasiƙata ta farko sakin layi biyu ce, kuma ita ce ta jawo mini ɓata lokaci, don bayan kwana goma sha biyu abin da ya dawo jerin tambayoyi ne: wane faifai ne takamaimai da lambarsa, mece ce lambar ISRC ta wannan kiɗan, daƙiƙa nawa zan ɗauka kuma daga ina zuwa ina, a wace kafa za a nuna, a waɗanne ƙasashe, na shekara nawa, akwai talla a kai ko babu, nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya. ISRC ɗin nan lamba ce mai haruffa da alƙaluma goma sha biyu da ake ba kowane sauti da aka naɗa, ita ke bambanta Vltava na wannan rukuni da na wancan. Na amsa duka, na sake jira mako uku. Kuɗin da suka yanka ya ninka kuɗin ɗakina na wata sau biyar. Na nemi ragi a matsayina na ɗalibi, aka ce farashinsu ke nan ga duk wanda ke son duniya baki ɗaya. Ban ga laifinsu ba, kayansu ne. Amma ran da na karanta saƙon na yi zaune a bakin gado na daɗe, har na fara tunanin in cire kiɗan in sa ƙarar ruwa kawai.

Abokina mai busa ƙaho ne ya sake ceto ni. Ya ce in daina kallon manyan sunaye, akwai ƙananan kamfanoni da ke naɗar rukunan makaɗa na wasu garuruwa, sautinsu sabo ne kuma mai kyau, mai kamfanin da kansa yake amsa wasiƙa. Na sami ɗaya, na rubuta, wannan karon na sa duk amsoshin tambayoyin can tun a wasiƙar farko, na haɗa da bidiyon a rufe don su gani. Kwana biyu aka kira ni in zo. Ofishin ɗaki biyu ne a bene na uku, ɗaya na takardu, ɗaya an lulluɓe bangonsa da abin tsotse sauti. Injiniyan da ya naɗi faifan, mutum mai furfura da sanyin magana, ya zaunar da ni a kujera ɗaya tak da ke tsakiyar lasifika biyu, ya ce kafin a yi maganar kuɗi in fara jin abin da nake nema.

Ban taɓa jin kiɗa haka ba. Kafin sarewa ta fara akwai shirun zauren kansa, shiru mai faɗi, sai na ji mai busa ya ja numfashi. Sarewa ta farko tana ɗan hagu, ta biyu tana gefenta, kana iya nuna inda kowace take da yatsa. Can baya ana tsinke tsirkiyar goge ɗaya-ɗaya kamar ɗigon ruwa. Da aka kai gangaren, tambura da ƙahonni suka cika ɗakin har na ji a ƙirjina, amma ƙaramar sarewa mai tsini ba ta ɓace a cikinsu ba. Injiniyan ya ce abin da ake nufi da sauti mai aminci ke nan: tazarar da ke tsakanin mafi sanyin sauti da mafi ƙarfinsa ta tsaya yadda take a zaure, ba a matse ta ba. Ya nuna mini hoton ranar aikin. Makaɗa wajen tamanin, manyan makirfo a rataye sama da kan jagora, ƙanana a gaban masu busa da mai kaɗa babban molo. Ya ce buɗewar nan kaɗai an maimaita ta sau da yawa, don kujera ta yi ƙara a wani ɗauka, a wani kuma mota ta wuce a waje. Sannan ya tuna mini cewa Smetana ya kurumce gaba ɗaya a Oktoban 1874, kuma ya rubuta Vltava tsakanin 20 ga Nuwamba da 8 ga Disamba na shekarar. Da aka fara kaɗa shi a bainar jama'a ran 4 ga Afrilu 1875, mai shi bai ji ko ɗigo ba. Na fito daga ɗakin nan haushin kuɗi ya fita daga raina. Na ga gumin da nake shirin ɗauka kyauta.

Yarjejeniyar shafi uku ce da harshen Cek da Turanci, sunanta licenční smlouva. An ba ni izinin minti huɗu da daƙiƙa ashirin, kashi uku daga cikin kiɗan, kowane kashi an rubuta inda ya fara da inda ya ƙare. A intanet kawai, duniya baki ɗaya, shekara uku, babu talla. In gidan talabijin ya nemi bidiyon, sai an sake zama. Ba ni da ikon canza saurin kiɗan ko ɗora masa wani bugu, abin da aka yarda shi ne ɗaga murya da sauke ta da shigarwa da fitarwa a hankali. Dole in rubuta sunan rukunin da jagora da kamfani a ƙarshe, da kalmomin da suka ba ni. Na tambaya ko haƙƙin makaɗan yana ciki, aka nuna mini sakin layin da ya ce kamfanin ne ke riƙe da shi, kuma ina ba kowa shawara ya yi wannan tambayar. Kuɗin koruna 6,000 ne, da harajin kashi 21 cikin ɗari ya zama 7,260. Ga ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne, kuɗin da na tara don sayen rigar sanyi da wayar da nake buri ne suka tafi. Na sa hannu a kwafi biyu, na riƙe ɗaya.

A wajen biya na yi kuskuren da duk baƙo ke yi a ƙasar nan. Takardar biyan kuɗi, wadda suke kira faktura, tana ɗauke da wata lamba mai suna variabilní symbol. Da ita ake gane kuɗin wa ne suka shigo kuma na mene ne. Na tura kuɗin ta banki na bar gurbin babu komai. Kuɗi sun fita daga asusuna, ni ina jiran fayil, su suna jiran kuɗi. Kwana tara muna haka, ina jin nauyin in dame su. Da na gaji na kira, mai kula da lissafinsu ta nemi in turo shaidar biya, cikin rabin awa ta gano kuɗin. Da na kira tun kwana na biyu, da an huta.

Fayil ɗin da aka turo mini WAV ne, wato sautin da ba a matse ba, a ma'aunin ingancin sauti bit 24 da kilohaz 96, ya haura megabayit 400. Faifan CD bit 16 ne da kilohaz 44.1, bidiyo kuma yawanci da 48 yake aiki, don haka sai da na sauke shi zuwa 48 da manhaja mai kyau kafin in shigar. Sai wata sabuwa ta taso. Wannan jagoran ya fi wancan nutsuwa, kiɗansa ya fi tafiya a hankali, duk yankan da na yi kwana goma ina yi ya goce. Inda ruwa ya kamata ya faɗo daga madatsa daidai da bugun tambura, yanzu yana faɗowa kafin lokaci. Na sake tace sassan uku daga farko, ya ci mini mako guda. Da na gama na gwada a waya, don na san mafi yawan masu kallona da lasifikar waya za su ji, sai na tarar sarewar farko ta ɓace ɗungurungum. Wannan faɗin tazarar da ya burge ni a ofis, waya ba ta iya ɗaukarsa. Na ɗaga muryar buɗewar, na sauke ta gangaren kaɗan, na cire maganata daga daƙiƙa arba'in na farko gaba ɗaya don kada muryata ta danne sarewar. Na tura wa injiniyan ya saurara, ya ce ya yarda.

Na sake ɗorawa a farkon Disamba, sai ga saƙon na'ura ya sake fitowa. Gabana ya faɗi, amma wannan karon ina da takarda. Ashe na'urar ba ta san da yarjejeniya ba sai an gaya mata. Na tura wa kamfanin adireshin bidiyon da lambar yarjejeniya, suka sanar da dillalin da ke rarraba musu kiɗa a intanet, bayan kwana huɗu aka janye ƙorafin.

In da zan sake, da izini zan fara kafin in yanka ko hoto ɗaya, don kowane jagora da saurinsa, kuma canza faifai daga baya sake aiki ne. Sayen faifai izinin sauraro ne a ɗakinka, ba izinin ɗora shi a fim ba. Mutuwar mai tsara kiɗa ba ta 'yanta sautin da wasu suka naɗa jiya, kuma faifan da ya kuɓuta a wata ƙasa yana iya zama a ɗaure a wata. Wasiƙar farko ta ƙunshi komai: lambar ISRC, daƙiƙoƙi, kafa, ƙasashe, shekaru, talla ko babu. A rubuta wa kamfani biyu ko uku lokaci guda, kada a jira ɗaya mako uku kamar yadda na yi. A nemi asalin fayil daga hannunsu, kada a kwafo daga intanet. Kuma tun a teburin sa hannu a tambaya wa zai cire ƙorafin na'ura, kuma kwana nawa yake ɗauka, a ba su adireshin bidiyon tun yana rufe.

Ran da bidiyon ya buɗe yayana ya sake kira. Ya ce ya kalla a waya, sannan ya karɓi abin sauraro na ɗansa ya sake kallo. Ya ce, "Wannan busar ta farko, mutum biyu ne ko ɗaya?" Na ce, "Biyu ne, Yaya." Ya ce shi ma haka ya ji. Izinina zai ƙare a Nuwamban 2027, na rubuta ranar a jikin kwafin yarjejeniyar, kuma an ce in rubuto wata biyu kafin lokacin in ina son a sabunta.